Atlanta: Makarantun da Ba a Yarda Shugaba Ya Kawo Mugun Labari Ba

A watan Fabrairun 2009 ƙungiyar shugabannin hukumomin makarantu ta Amurka ta zaɓi Dokta Beverly Hall a matsayin gwarzuwar shekara. Tun 1999 take riƙe da makarantun gwamnati na birnin Atlanta, a jihar Jojiya: ɗalibai wajen dubu 50, galibinsu baƙar fata 'ya'yan talakawa, waɗanda sakamakon jarrabawarsu ya yi ta hawa shekara bayan shekara a hannunta. Bayan wata biyu da karrama ta, a Afrilu, yaran suka zauna jarrabawar jiha ta wannan shekara. Takardun amsar wannan jarrabawa su ne sanadin da mutum 35, malamai da shugabannin makarantu da manyan jami'ai har da ita kanta, suka fuskanci tuhuma a kotu.

Ba irin satar jarrabawar da muka saba ji ba ce, wadda ɗalibi ko iyayensa ke biyan kuɗi a shigo masa da amsa. A Atlanta yara da yawa ba su ma san an taɓa takardunsu ba. Yaro zai cike amsoshinsa da fensir ya tafi gida, manya su kulle ƙofa, su goge inda ya kuskure, su cike daidai. Ba don yaron ake yi ba. Don adadi ake yi.

Inda matsin ya fito

A Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar ilimi ta tarayya wadda takenta ke cewa kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Niyyar ba ta da aibu. Shekara da shekaru makarantun unguwannin talakawa suna yaye yaran da ba su iya karatu ba, babu mai cewa uffan. Dokar ta wajabta wa kowace jiha jarraba yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8, a bayyana sakamakon kowace makaranta a fili, kuma zuwa 2014 kowane yaro ya kai matakin ci. Kashi 100 cikin 100. Makarantar da ta gaza shekara biyu a jere, iyaye na da damar cire 'ya'yansu. In gazawar ta ɗore, a kai ga sauya shugaba da malamai, ko jiha ta karɓe makarantar, ko a rufe ta. A Jojiya jarrabawar da ake auna duk wannan da ita ana kiranta CRCT.

Hall ba ta tsaya a mizanin tarayya ba. Haifaffiyar Jamaika ce, ta yi aiki a New York da Newark kafin ta zo, kuma ta zo da imanin cewa talaucin yaro ba hujja ba ne ga malami. Ofishinta ya riƙa yanka wa kowace makaranta nata adadin, wanda ya fi na tarayya tsauri: bana sai waɗanda suka faɗi sun ragu da kaza, waɗanda suka yi zarra sun ƙaru da kaza. Takenta shi ne babu togiya, babu uzuri. Shugaban makarantar da ya shekara uku bai cika adadi ba, ya nemi wani aikin. A zamaninta an sauya kusan kashi 90 cikin 100 na shugabannin makarantun birnin. Wanda ya san labarin harajin da, ya san wannan tsari: a yanka wa dagaci abin da zai kawo, ko damina ta yi albarka ko fari aka yi, ba a tambayarsa yadda ya haɗa kuɗin, ranar da ya kasa kuma rawaninsa ne zai tafi.

Akwai lada ga wanda ya cika. Makarantar da ta kai kashi 70 na abin da aka yanka mata, ma'aikatanta za su samu tukuicin kuɗi, har direban bas da masu dafa abinci. Hall kanta ta karɓi fiye da dala dubu 500 na irin wannan tukuici bayan albashinta. Sai dai masu binciken gwamnati sun gano daga baya cewa ga yawancin malamai kuɗin bai taka kara ya karya ba. Tsoron kora da tsoron tozarci ne suka fi aiki. Duk shekara ana tara ma'aikata a babban filin wasa na Georgia Dome. Waɗanda makarantarsu ta cika adadi su zauna a tsakar fili kusa da manya, sauran su hau can saman benci kowa yana ganinsu. A firamaren Fain, shugaban makarantar ya sa wata malama ta shiga ƙarƙashin tebur da rarrafe a tsakiyar taron malamai, saboda 'yan ajinta ba su yi abin kirki a jarrabawa ba.

Wani abu a cikin lissafin shi ne ya mai da kuskuren shekara ɗaya ya zama sana'a. Adadin bana a kan sakamakon bara ake gina shi, kuma 'yan aji 4 na bana ake gwadawa da 'yan aji 4 na bara, alhali yara ne daban. Makarantar da ta yi ƙari a sakamakonta sau ɗaya ta ɗaga wa kanta mizanin baɗi, ba ta da hanyar kai wa gare shi sai ta ƙara wani ƙarin. Yaran kuma su wuce gaba da sakamakon ƙarya, su faɗa hannun malamin da bai ji ba bai gani ba, a ce masa ga inda suke, sai ya ɗaga su sama da haka.

Makarantar Parks

A nan ne lamarin ya fi wuyar yanke hukunci, don haka a nan ya kamata a daɗe.

Parks ƙaramar sakandare ce mai aji 6 zuwa 8, a unguwar Pittsburgh da ke kudancin Atlanta, unguwar talakawa mai yawan kangaye da aikata laifi. A 2005 aka kawo mata sabon shugaba, Christopher Waller, wanda kuma fasto ne a cocin Methodist. Ya tarar da makarantar ta daɗe a jerin masu gazawa, wa'adinta ya kusa cika. Lissafin 2006 a bayyane yake: sai kashi 58 na yaran sun ci lissafi, kashi 67 sun ci Turanci, in ba haka ba jiha na da ikon rufe ta. A shekarar da ta gabata kashi 24 ne kacal na 'yan aji 8 suka ci lissafi.

Ya kuma lura da cewa yaran da ke shigowa aji 6 daga firamaren da ke kewaye suna zuwa da sakamako mai kyau a takarda, amma in an miƙa musu littafi, karatun wasunsu bai wuce na 'yan farkon firamare ba. A cewarsa ya kai maganar ga jami'in da ke samansa, aka nuna masa ya ja bakinsa ya yi shiru.

To, me ya rage wa shugaba a irin wannan hali? Zai iya rubuta gaskiya, ya ce yarana ba su kai ba kuma ba za su kai bana ba, ga dalili, ya jira abin da zai biyo baya. Zai iya ajiye aikin. Waller ya zaɓi ya nemi malaman da ya yarda da su. Ɗaya daga cikinsu malamin lissafi ne da yara da abokan aiki suka shaida da sadaukarwa, shi ke horar da 'yan ƙwallon makarantar bayan an tashi. Wannan malami ya sa reza ya tsaga ledar da aka liƙe takardun tambayoyi da ita, ya kwafe su, ya mayar, ya sa laita ya narke bakin ledar ta koma kamar ba a taɓa ba. Da aka gama jarrabawa kuma aka shiga ɗakin ajiya aka gyara amsoshi. Sakamako ya fito: daga kashi 24 zuwa kashi 86 a shekara guda.

Aka yi murna. Gidauniyar Annie E. Casey ta fitar da rahoto a 2007 tana yabon yadda Parks ta karya ƙadarin talauci. Hall ta riƙa nuna Waller a matsayin abin koyi ga sauran shugabannin makarantu, wato waɗanda suka kawo sakamakon gaskiya su ne ake ce wa su dubi Parks su ji kunya.

Malaman Parks suna da hujjarsu, kuma ni ban ɗauke ta ƙarya ba. Sun ce in aka rufe makarantar, yaran za a watsa su cikin wasu unguwanni inda babu wanda ya san gidajensu, alhali Parks ce kaɗai wurin da wasunsu ke samun babban da ya damu da su. Sun ce yaran suna ci gaba da gaske, sai dai ba da saurin da ofis ke so ba. Suna ganin jarrabawar ce ba ta yi wa yaran adalci ba, su kuwa kare su suke yi. Wannan ba tunanin ɓarawo ba ne. Tunanin mutumin kirki ne da aka matse, ya ɗauki makaranta a matsayin abin ceto ya manta cewa makaranta don yaro aka gina ta.

Domin in an tambayi wa ya biya, amsar ba ta da daɗi. A Jojiya a lokacin, yaron da ya faɗi CRCT yana da haƙƙin ƙarin darasi, kuma a aji 3 da 5 da 8 sakamakon na da hannu a ko zai wuce gaba. Duk yaron da aka gyara wa takarda an soke masa wannan haƙƙi ba tare da saninsa ba, an kuma gaya wa uwarsa cewa ɗanta lafiya lau yake. Makarantar kanta, da ta fita daga jerin masu gazawa, ta rasa tallafin gwamnati na kimanin dala dubu 750 da ake ba irinta. Akwai kuma asarar da ba a rubuta ta a takarda. Shugaban da ya roƙi malami ya yi masa magudi ya zubar da ikon tsawata masa har abada. Daga nan ba a auna malami da koyarwarsa, sai da ko "namu ne" ko ba namu ba. Abin da aka fara da mutum biyu ko uku a matsayin na bana kawai, zuwa 2009 ya game kusan kashi 90 na azuzuwan Parks, mafi yawa a duk jihar.

Waɗanda suka buɗe baki

Ba kowa ne ya yi shiru ba. Tun 2006 wasiƙun ƙorafi kan Parks suka isa ofishin Hall. Hukumar makarantun Atlanta ta ɗauki wani mai bincike daga waje, ya dawo da rahoton cewa akwai alamun magudi a jarrabawar rubutu. Waller ya ci gaba da zama a kujerarsa. Malamar da ta yi ƙorafi aka yi wa canjin wurin aiki. Rahoton binciken da gwamnatin jiha ta fitar daga baya ya kawo irin wannan a makarantu da dama: mai kai ƙara shi ake bincike, a ɓata masa fayil, a ƙi sabunta masa kwantiragi, wanda aka kai ƙararsa kuma a ba shi lambar yabo.

Akwai kuma shugabannin da ba su yi ba. Cikin makarantu 56 da aka tsananta bincike a kansu, 12 ba a tabbatar da magudi a cikinsu ba, ga wasu da dama da tun farko ba a ga alamar komai a takardunsu ba. Matsi iri ɗaya suka sha. Babu gidauniyar da ta rubuta littafi a kansu. Sun hau saman benci a Georgia Dome, wasu wa'adin shekara uku ya cinye su. Wannan ya isa ya rushe cewa "ba mu da zaɓi". Amma ya kuma nuna abin da tsarin ke yi a hankali: duk bayan 'yan shekaru yana tankaɗe mai kawo labarin gaskiya ya fitar, ya bar mai kawo adadi.

A ganina nan ne babban laifin yake, kuma na sama ne. Hall ta musanta sanin magudin har ƙarshen rayuwarta, kotu kuma ba ta taɓa yanke mata hukunci ba, don haka ba zan ce ta ba da umarni ba. Amma mace ce mai alfahari da cewa da alƙaluma take aiki. Wanda ya san alƙaluma ya san cewa yara ba sa tashi daga 24 zuwa 86 a shekara ɗaya. Ana titsiye shugaban da sakamakonsa ya sauka da tambayoyi har ya rasa bakin magana, wanda nasa ya yi tsallen da hankali ba zai ɗauka ba kuma a tafa masa. Shugabar da ke zargin mugun labari kaɗai, ba ta taɓa zargin mai daɗi ba, ta riga ta sanar da na ƙasa da ita irin labarin da za su kawo.

Yadda asiri ya tonu

Jaridar Atlanta Journal-Constitution ce ta fara, a Disambar 2008, ta sake a Oktobar 2009, da lissafin da ya nuna hawan sakamakon wasu makarantu ya wuce abin da zai yiwu. Sai jiha ta sa aka bi takardun 2009 da na'urar da ke iya ganin gurbin da aka goge, aka ƙirga sau nawa aka sauya amsa daga kuskure zuwa daidai a kowane aji. A Fabrairun 2010 sakamako ya fito, makarantun Atlanta 58 suka shiga zargi. Hukumar birnin ta kafa nata kwamitin, mai hannun manyan 'yan kasuwa a ciki, ya taƙaita babbar matsalar ga makarantu 12. Ba abin mamaki ba ne. 'Yan kasuwar Atlanta sun daɗe suna tallata birnin da nasarar Hall, gidauniyoyi irin su ta Gates da ta GE sun zuba miliyoyin daloli, kowa yana da rabo a cikin labarin mai daɗi.

Gwamna Sonny Perdue bai gamsu ba. A Agustan 2010 ya naɗa Mike Bowers, tsohon babban lauyan jiha, da Bob Wilson, tsohon mai gabatar da ƙara, da mai bincike Richard Hyde, daga baya ya haɗa su da jami'an hukumar binciken laifuka ta jiha, waɗanda yi musu ƙarya laifi ne mai kai mutum kurkuku. Nan bakuna suka buɗe. Wata malamar aji 3 a firamaren Venetian Hills ta amsa cewa tana cikin 'yan tsirarun da ke kulle kansu a ɗaki a makon jarrabawa suna gyara amsoshi, ta kuma yarda ta ɗaura na'urar naɗar murya ta koma cikin abokan aikinta. A firamaren Gideons, malamai gida suke kwasar takardu su taru a ƙarshen mako su yi aikin gogewa. An yi hira fiye da 2,100, an duba takardu fiye da 800,000.

Ranar 5 ga Yulin 2011 sabon gwamna, Nathan Deal, ya fitar da rahoton, kwanaki kaɗan bayan Hall ta bar aiki. An sami magudi a makarantu 44, da hannun ma'aikata 178, cikinsu shugabannin makarantu 38. Mutum 82 sun amsa laifi. Magudin ya faro tun wajen 2001. Rahoton ya ɗora alhakin a kan adadin da ba zai cimmu ba, da yanayin tsoro da barazana da ramuwa, da shugabancin da ya fifita sakamako da yabo a kan gaskiya. Game da Hall ya ce ta sani, ko kuwa ya kamata ta sani.

Kotu

A Maris ɗin 2013 mai gabatar da ƙara na gundumar Fulton, Paul Howard, ya tuhumi mutum 35 da dokar RICO, dokar da asalinta don gungun 'yan ta'addar kasuwanci irin su mafiya aka yi ta. Mutum 21 suka amsa laifi don a sassauta musu, har da Waller, wanda ya ba da shaida a kan na samansa bai kuma shiga kurkuku ba. Hall ba ta tsaya gaban shari'a ba saboda sankarar mama, ta rasu ranar 2 ga Maris 2015. Bayan shari'ar wata shida da ɗoriya, ranar 1 ga Afrilun 2015 aka sami 11 cikin 12 da suka tsaya shari'a da laifi, aka wanke malama ɗaya. Alƙali Jerry Baxter ya sa aka fita da su da ankwa, in ban da wata malama mai juna biyu. Andrew Young, tsohon magajin garin kuma abokin gwagwarmayar Martin Luther King, ya zo kotu ya roƙi sassauci. Baxter ya ce wannan shi ne abu mafi muni da ya taɓa faruwa a garin, ya yanke wa manyan jami'ai uku zaman shekara bakwai-bakwai a kurkuku, bayan mako biyu ya dawo ya rage zuwa uku-uku.

Har yau ana jayayya kan wannan hukunci. Masu suka suna cewa malamai baƙar fata aka ɗaure, waɗanda suka rubuta dokar kashi 100 cikin 100 da waɗanda suka tafa wa alƙaluman ƙarya kuwa babu wanda ya kwana a ofishin 'yan sanda, kuma an ga irin wannan zargi a Washington da Philadelphia da El Paso, alamar cewa cutar ba ta Atlanta kaɗai ba ce. Suna da gaskiya. Iyayen yaran da suka isa babbar sakandare ba su iya karanta shafi guda ba su ma suna da tasu gaskiyar, kuma ba su ne aka fi jin muryarsu ba.

Wani abin takaici: a jarrabawar tarayya ta NAEP, wadda ba malaman makaranta ke riƙe takardunta ba, ɗaliban Atlanta sun nuna ci gaba a waɗannan shekaru. Ke nan akwai aikin gaske da aka yi, mai tafiya a hankali, wanda da an yarda da shi a yadda yake da ya isa abin alfahari.

An rufe Parks a 2013, aka haɗe ɗalibanta da na makarantar Sylvan Hills. Jojiya ta daina CRCT bayan 2014. A Disambar 2015 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a sabuwar dokar ilimi da ta soke sharaɗin kashi 100 ta mayar wa jihohi ikon tsara yadda za su auna makarantunsu. Wani nazari da masana na Jami'ar Jihar Jojiya suka yi a 2015 ya nuna yaran da aka sauya wa amsa sun koma bayan takwarorinsu a karatu da Turanci a shekarun da suka biyo. Hukumar makarantun Atlanta ta kafa musu shirin ƙarin darasi mai suna Target 2021, amma sai bayan shekara shida da jarrabawar 2009, kuma ya shafi waɗanda suka rage a makarantun birnin ne kawai. 'Yan aji 8 na Parks da aka fara gyara wa takardu a 2006 sun riga sun haura shekara ashirin a lokacin.